Wuƙar Japan ta ƙirar hannu: kuɗin na ƙarfe ne ko na washi?

Kuku Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar ƙarfe. Wani abokin aikinmu zai tafi kwas Japan, ya ce mai saƙo ya yi magana tun da wuri. Ni kuwa na daɗe da sha'awar wuƙaƙen nan nasu na ƙirar hannu, amma da na duba farashi sai na ga guda ɗaya tak ta kusa lashe albashin wata. Aikina a otal bai wuce albasa da karas da kabeji ba, sai tsokar nama da kifi. Me ke cikin wuƙar nan da ya kai ta wannan kuɗi? In kuma ta cancanta, wace iri zan ce ya sayo?

Na-Fawa:
Wa alaikumus salam. Sani, riƙe kuɗinka. Tun ina yaro nake fawa, kuma wuƙar da maƙerin unguwarmu ya ƙera mini da sifirin na mota ita nake feɗe sa da ita har yau. In ta dakushe in goga ta a dutse, nan take ta dawo. Kilishin da ake shimfiɗawa har kana hango rana ta cikinsa, da wuƙar Japan ake yanka shi? Hannu ne ke yanka, ba sunan ƙasa ba.

Auwalu Osaka:
Alhaji Na-Fawa, maganarka ta hannu gaskiya ce, mutanen can ma haka suke cewa. Amma bari in faɗi abin da idona ya gani, tunda Sakai, garin da ya yi suna wajen ƙera wuƙa, nan kusa da mu take, daga tashar Namba da ke Osaka jirgin ƙasa na Nankai zai kai ka cikin ɗan lokaci kaɗan.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba mutum ɗaya ke yin wuƙa ba. Maƙeri daban, mai washi daban, mai sa ƙota daban, kowa da gidansa. Maƙerar da na shiga ɗan ɗaki ne a bayan gida, duhu-duhu, bango ya yi baƙi ƙirin. Tsohon yana tsaye a cikin wani rami da aka haƙa a ƙasa, don wuta da uwar maƙera da injin dukan ƙarfe duk su zo masa daidai hannu ba sai ya sunkuya ba. Ya ciro sandar ƙarfe mai taushi ta yi jajur, ya ɗauki wani ɗan guntun ƙarfe mai tauri ya dangwala shi a gari, ya ɗora a kai, ya mayar wuta. Da ya fito da su ya fara duka, sai tartsatsi ya watsu, biyun suka zama abu ɗaya. Mai taurin shi ne zai zama bakin wuƙar, mai taushin kuma ya goya shi.

Abin da ya fito daga hannunsa ba za ka ce wuƙa ba ce, baƙin ƙarfe ne marar kaifi. Sai an kai gidan mai washi. Shi kuma yana zaune a gaban wani ƙaton dutse mai juyawa, ruwa na zuba a kai, ya ɗaure ƙarfen a jikin wani katako yana danna shi da ƙarfin jikinsa. Bini-bini sai ya ɗaga ya kalli tsawonsa da ido ɗaya, in ya ga ya karkace ya sa shi a tsagin wani itace ya miƙar da shi. Daga nan mai ƙota ya gasa wutsiyar wuƙar a wuta, ya cusa ta cikin itace tana hayaƙi, ya bubbuga gindin da guduma ta katako har ta zauna. Sau da yawa ma sunan da ke jikin wuƙar na kantin da ya ba da aikin ne, ba na maƙerin ba.

Malam Tanko:
Auwalu, ka ba da labari mai daɗi, amma ni abin da ke damuna shi ne tallar da ake yi da takobi. Duk inda ka duba sai a ce maka wai jikokin maƙeran takubban samurai ne, ƙarfen ma irin na takobi ne. Ni ina ganin da wannan labarin ake yankar mutane kuɗi.

Auwalu Osaka:
Malam, akwai ƙamshin gaskiya a zancenka, amma ba duka ba. Kowane gari da tarihinsa. Seki, a lardin Gifu, garin takobi ne na ainihi. Da gwamnatin Meiji ta hana yawo da takobi a 1876, maƙera da yawa suka rasa kasuwa, dole suka koma ƙera wuƙa da almakashi da aska. Amma Sakai sunanta ya fito ne daga taba. Turawan Fotugal suka kawo bindiga a 1543, taba ma ta shigo a wannan zamanin, sai maƙeran Sakai suka ƙware a ƙera bindiga da wuƙar yanka ganyen taba. Gwamnatin Tokugawa har hatimi na musamman ta ba wuƙaƙensu. Echizen, a lardin Fukui, da lauje ta yi suna. Sanjo, a Niigata, da ƙusa. Tosa kuma da gatari da adda na masu aikin daji. To ka ga yawancinsu maƙeran talakawa ne, masu yi wa manomi da kafinta aiki.

Injiniya Bala:
Bari in ɗora a kan maganar ƙarfe, don nan ne Malam Tanko ya fi gaskiya. Ƙarfen takobi sunansa tamahagane. Ana narka shi ne daga baƙin yashi mai ƙarfe da gawayi, a tanderun laka da ake kira tatara, wuta na ci kwana 3 ba dare ba rana, sannan a rushe tanderun a ciro dunƙulen. A Okuizumo da ke lardin Shimane ake yin sa da hunturu, kuma maƙeran takobi ake raba wa. Da wuya ƙwarai ka same shi a wuƙar girki. Wanda ya ce maka wuƙarsa ta kicin tamahagane ce a farashi mai sauƙi, ka yi hattara da shi.

Abin da maƙeran wuƙa ke amfani da shi ƙarfen masana'anta ne, kuma wannan ba aibi ba ne, don ya fi tsabta. Wanda ya fi shahara daga masana'antar Yasugi yake fitowa, ta kamfanin Hitachi Metals wanda yanzu ake kira Proterial. Akwai Shirogami, akwai Aogami. Shirogami kusan ƙarfe ne da kabon zalla, kabon ɗin ya ɗan haura kashi 1 cikin 100. Yana saurin ɗaukar kaifi, yana da daɗin washi. Aogami an ƙara masa kuromiyam da tangistan, kaifinsa ya fi jimawa amma ya fi cin lokaci a kan dutse. Dukansu suna tsatsa. Masu gudun tsatsa sukan nemi VG-10 na kamfanin Takefu, ko Ginsan.

Yanzu ga amsar tambayar Sani. Tauri ake aunawa da ma'aunin Rockwell. Wuƙaƙen Jamus na kicin sukan tsaya wajen 56 zuwa 58. Na Japan na ƙirar hannu sukan kai 60 zuwa 65. Ƙarfe in ya yi tauri haka, za ka iya sirantar da bakinsa sosai bai lanƙwashe ba, shi ya sa take ratsa tumatir ba tare da ta matse shi ba. Amma duk abin da ya yi tauri ya rasa juriya. Wuƙar Alhaji Na-Fawa in ta haɗu da ƙashi bakinta lanƙwashewa zai yi, ya goga ya miƙe. Ta Japan in ta haɗu da ƙashi ɓantarewa za ta yi, ta bar giɓi.

Na-Fawa:
To ka ji. Wuƙar da ke tsoron ƙashi me zan yi da ita?

Injiniya Bala:
Babu, Alhaji. Ba don aikinka aka yi ta ba, kuma taka ta fi ta a mahauta nesa ba kusa ba. Sifirin na mota an yi shi ne don ya sha wuya bai karye ba, maƙerinku ya san abin da ya zaɓa. Amma Sani ba sa yake feɗewa ba, buhun albasa ke gabansa.

Ɗan Maƙera:
Injiniya, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne haɗa ƙarfe biyu da Auwalu ya faɗa. Mahaifina maƙeri ne, a gaban zugazugi na tashi. Mu in za mu ba wuƙa ruwa, ƙarfe ɗaya ne, in ya yi tauri da yawa ya tsage, in an sassauta kuma ba ya riƙe kaifi. Kenan su dabarar da suka yi ita ce su raba aikin biyu?

Injiniya Bala:
Ka gano ta sarai. Mai taurin ya riƙe kaifi, mai taushin ya shanye duka, kuma ya sauƙaƙa washi, don yawancin abin da dutse ke ci mai taushin ne. A wuƙa mai baki ɗaya, wato wadda ake fitar da kaifinta ta gefe ɗaya kawai, mai tauri yana gefe guda. A mai baki biyu, wadda ake wasawa ta gefe biyu, ana sa shi a tsakiya, mai taushi ya rufe shi hagu da dama, su ce sanmai. In ka duba kusa da baki za ka ga wani layi yana tafiya a karkace, wannan ita ce mahaɗar.

Akwai kuma irin taku ta ƙarfe ɗaya, honyaki, ita ce ma mafi tsada, tana iya haura yen 100,000. Sukan shafe bayan wuƙar da laka mai kauri, su bar bakin da 'yar kaɗan, don in an tsoma a ruwa baki ya yi saurin hucewa ya taurare, baya kuma ya huce a hankali. Da yawa suna tsagewa a cikin ruwan, asarar nan ce ke cikin farashin. Zafin ban ruwa wajen digiri 800 ne, kuma tsofaffin maƙera da ido suke gane shi, shi ya sa suke rufe taga su yi duhu don su ga launin ƙarfen da kyau. Bayan nan a sake ɗumama ta a wajen digiri 150 zuwa 200 don a rage mata gautsi.

Ɗan Maƙera:
Allahu akbar. Baba ma bai taɓa yarda ya yi ban ruwa da tsakar rana ba, sai da asuba ko bayan magariba. Yakan ce rana tana ɓoye launin wuta. Kuma gawayin ƙirya kaɗai yake yarda da shi.

Auwalu Osaka:
Su kuma gawayin itacen fayin suke nema in za su yi ban ruwa, ko da sauran aikin da wani makamashi suka yi shi.

Maman Ummi:
Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Ƙanina ya kawo mini tsarabar irin wannan, mai faɗi marar tsini, wai nakiri, ta ganye. Kaifi kam ban taɓa ganin irinsa ba, albasa ko yaji ba ta cika yi mini a ido ba in na yanka da ita. Amma ku sani mu a hannu muke yanka kuɓewa da alayyafo, wuƙa na tahowa wajen babban yatsa. Wannan ba ta yarda da haka ba sam, dole sai a kan katako. Sannan wata rana 'yar aikina ta ɗauke ta ta sari kaza daga firiza, bakin ya yi giɓi har wuri biyu. Ta yanka lemun tsami ta bar ta a jiƙe, kafin la'asar ta yi ja. Yanzu tana cikin kwalinta. Ni dai shawarata, gidan da hannu ya yi yawa a kicin, a bar ta.

Shef Garba Dubai:
Maman Ummi, don Allah kada ki bar ta a kwali, giɓin nan yana gyaruwa, zan faɗi yadda ake yi. Sani ƙanina, ni na yi aiki a ƙarƙashin wani kuku ɗan Japan, kuma abin da zan gaya maka shi ne duk bayanin da Injiniya ya yi, rabin magana ne. Ɗaya rabin yana hannunka. Wuƙar nan in ba ka iya washi ba, bayan 'yan makonni ba ta da bambanci da ta bakin titi, sai dai ta fi ta saurin lalacewa. Kuɗin da za ka kashe, ka raba shi: kaso ɗaya wuƙa, kaso ɗaya dutse. Gara ka sayi matsakaiciya da dutse mai kyau, da ka sayi ta ƙarshe ka rasa abin wasa ta.

Maigidan nan nawa, duk daren duniya in an tashi aiki, kowa ya gaji yana neman hanyar gida, shi sai ya jiƙa tawul ya shimfiɗa, ya ɗora dutse a kai. Ba ya washi da safe, ya ce wuƙar da aka wasa yanzu tana barin ƙarnin ƙarfe a jikin ɗanyen kifi, gara ta kwana. Yakan tsoma dutsen a ruwa har kumfa ta daina fitowa. Ya kwantar da wuƙar, ya ɗan ɗaga bayanta kamar kaurin kwabo biyu, wajen digiri 15 ke nan, yatsu uku na hagu a kan daidai wurin da yake wasawa. Ya tura, ya jawo, ya matsa gaba kaɗan, tun daga gindi har tsini. Baƙin ruwan da ke taruwa a kan dutsen ba ya wanke shi, ya ce shi ke yin aikin. Jim kaɗan sai ya shafa ɗaya gefen da yatsa a hankali. In ya ji wani ɗan leɓe ya taso yana kartar fata tun daga sama har ƙasa, to wannan gefen ya kai, sai ya juya. Wanda bai jira leɓen nan ba, goge wuƙa kawai yake yi, bai wasa ta ba. A ƙarshe ya koma dutse mai laushi ya cire leɓen, ya ja ta a kan jarida.

Duwatsun lamba gare su. Mai lamba 1000 shi ne na kullum, in guda ɗaya za ka saya to shi. Mai 220 zuwa 400 na gyaran giɓi ne, shi Maman Ummi ke buƙata: a ci bakin gaba ɗaya har a sauko daidai gindin giɓin, sannan a sake fitar da kaifi a koma 1000. Mai 3000 zuwa 6000 na ƙarasawa ne. King da Shapton da Naniwa duk sanannu ne. Kuma shi kansa dutsen yana yin kwari a tsakiya, sai ana baje shi, in ba haka ba ya ɓata maka wuƙa.

Abu biyu da ba za ka taɓa yi ba: kada ka kai ta wajen mai injin washi na kasuwa. Busasshen dutse ne mai gudu, zafinsa yana kashe ruwan da maƙeri ya ba ta, in ka ga bakin ya yi shuɗi to an gama da wurin. Kada kuma ka goga ta a sandar ƙarfen nan mai tsaga-tsaga da muke goga wuƙaƙen Turai.

Malam Tanko:
Shef, na ji ana maganar duwatsun da ake haƙowa daga ƙasa, wai wasu sun fi wuƙar tsada. Wannan ma ba talla ba ce?

Shef Garba Dubai:
Akwai su, daga tsaunukan kewayen Kyoto, irin su Nakayama da Ohira. Yawancin ramukan an rufe su, shi ya sa tsadar. Suna fitar da wani hazo-hazo mai kyau a jikin ƙarfe mai taushi, masu sha'awa na mutuwar son sa. Amma mai yanka albasa ba ya buƙatarsu, a nan ina tare da kai.

Auwalu Osaka:
Ni dai Sani, in za ka sayi ta Japan, sayi ta Japan ta gaske, mai baki ɗaya. Yanagiba, doguwar nan ta yanka ɗanyen kifi da ja ɗaya, ko deba mai kauri ta feɗe kifi. Bayansu ma a ɗan rarake yake don yanka kada ya manne. Wanda ya ga kuku yana feraye daikon, wani farin saiwa mai kama da ƙaton karas, da usuba, wuƙarsu ta ganye, yana fitar da shi dogon falle ɗaya siriri ba ya tsinkewa, ya san nan ne gwanintar Sakai take.

Shef Garba Dubai:
A nan kam ban yarda da kai ba, Auwalu. Sani sashimi yake sayarwa, wato yankakken ɗanyen kifi? Mai baki ɗaya in ka sa ta a kabeji ko dankali karkacewa take yi, tana jan hannu gefe, sai mutum ya daɗe kafin ya saba. Washinta ma wani karatu ne daban, in ka cinye rarakar bayan ka kashe ta. In kuma bahago ne, sai an yi masa tasa ta musamman, da ƙarin kuɗi. Gyuto ya kamata ya saya, mai milimita 210 ko 240, baki biyu. Ita ma ta Japan ce ta gaske. Ta samu ne bayan sun buɗe ƙofa ga cin naman shanu a zamanin Meiji, suka ɗauki siffar wuƙar Turawa suka yi ta da ƙarfensu da sirantarsu. Kuma ya nemi wadda aka rufe da ƙarfe marar tsatsa, Aogami ko Shirogami a tsakiya, bakin kaɗai zai riƙa kula da shi. Damina a Abuja ba wasa ba ce.

Auwalu Osaka:
Na karɓi maganar kabeji. Amma ina nan a kan cewa in ya samu hali nan gaba, ya ƙara da deba saboda kifi.

Kuku Sani:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Gyuto 210 da dutse mai lamba 1000 zan ce ya sayo, in kuɗi ya ragu ya ƙara mai 3000. A Tokyo zai zauna, ina zai nufa?

Auwalu Osaka:
Kappabashi, kusa da Asakusa, layi ne guda na kayan kicin. In ya biyo ta Osaka akwai Doguyasuji, a Kyoto kuma akwai Aritsugu a kasuwar Nishiki, gidan da ya faro tun 1560. Ya tambayi irin ƙarfen da garin da aka ƙera ta, ya ce su haɗa masa da kube na katako. Kuma ya sa ta a babbar jaka, ba ta hannu ba, kada a karɓe a filin jirgi.

Shef Garba Dubai:
Kafin ta iso, ka fara koyon washi a kan tsofaffin wuƙaƙen kicin ɗinku. Katakon yanka kuma na itace ko roba mai taushi, ban da tayil da faranti.

Maman Ummi:
Shef, man da ake shafa mata fa? An ce mini sai wani na musamman.

Shef Garba Dubai:
Su man kamiliya suke shafawa in za a ajiye ta ta daɗe. Wadda ake aiki da ita kullum, wankewa da gogewa ta bushe nan take ya isa. Tsatsar da ta riga ta hau, ki goge da toka a jiƙaƙƙen tsumma. In ta yi launin toka-toka ko shuɗi-shuɗi daga baya ki bar shi, wannan kariya ce, ja ne kawai abin gudu.

Ɗan Maƙera:
Injiniya, na kasa barin maganar nan. Ina da tsofaffin magagarai da suka cinye. In na sa ɗaya a tsakiyar ƙarfe mai taushi, zai kama? Kuma garin da tsohon ya dangwala, mene ne?

Injiniya Bala:
Zai kama, tsohon magagari yana da kabon sosai, sai dai ka goge haƙoransa tas tukuna, kuma ka gwada gasa guntunsa ya yi ja, ka tsoma a ruwa ka ga ko yana karyewa, don wasu na yanzu fatarsu kaɗai ke da tauri. Garin boraks ne ake haɗawa da garin ƙarfe, aikinsa ya hana datti shiga tsakani. Masu walda da tagulla suna amfani da boraks, wajensu za ka samu. Zafin haɗawa ya fi na ban ruwa nesa, sai ƙarfen ya yi ruwan ɗorawa mai haske, amma in ka ga magagarin ya fara feshin tartsatsi a cikin wuta to ya ƙone. Dukan farko a hankali, daga tsakiya zuwa gefe.

Na-Fawa:
In ta fito ka kawo mini in gwada ta a yankan kilishi. Ƙashi kuma tawa na nan.

Ɗan Maƙera:
In sha Allahu, Alhaji. Injiniya, ban ruwan fa, da ruwa zan yi ko da mai?

Injiniya Bala:
Fara da mai, ka ɗan ɗumama shi. In bakin bai yi taurin da magagari zai zame a kansa ba, sannan ka gwada ruwa mai ɗumi.